Firizata da Hujin Sama

A Makera ta Kaduna, in ka tambayi gidanmu da sunan maigidan, sai an tsaya ana 'yan tunane-tunane. Amma ka ce gidan Mai Ƙanƙara, ko akuyar layin za ta raka ka har ƙofa. Ni ce Mai Ƙanƙarar, kuma firizata ce ta jawo mini sunan.

Doguwa ce fara, mai murfi a sama, babban mutum zai iya miƙe ƙafa a cikinta. 'Yar gwanjo ce, irin kayan da muke kira Beljiyam ko daga wace ƙasa suka taso. Maigidana, wanda nake kira Malam, gyaran firji yake yi, shagonsa kuma a zauren gidanmu yake. Shi ya gano ta a wajen masu sauke kaya daga Legas, ya turo ta a amalanke shekarar da na haifi 'yata ta biyu. Ta zo da tsatsa a ƙafa ɗaya, da hoton wata kyanwa manne a gefe, da wata 'yar takarda a cikin murfin, an rufe ta da leda, an yi rubutu da hannu cikin wani yare da ba Turanci ba. Na kira malaman makaranta biyu, kowa ya leƙa ya girgiza kai. Sai na bar takardar a inda na same ta.

Injinta tsohon ƙarfe ne. Ko wuta ta zo rabi-rabi, ƙwan lantarki yana ja kamar garwashi, ita tana nan tana gurnaninta. In an ɗauke wuta kuma na lulluɓe ta da buhuna, sai ta riƙe sanyi kwana biyu cur.

Dalilin da ya sa nake ji da ita ba ciniki ba ne. Mahaifiyata cikin azumi ta rasu, ina amarya. Zazzaɓi ya ci jikinta har likita ya sa ta ajiye azumin, kuma ba abin da take nema sai ruwan sanyi. Na zaga layinmu, na zaga na bayanmu, kowa ya ce kwana uku ke nan ba wuta. Ruwan randa na kawo mata. Ta kurɓa ta ce, "Ya yi, 'yar nan," don kawai kada raina ya ɓaci. Washegari ta cika. Abin ya tsaya mini a rai shekara da shekaru. Saboda haka ranar da firizar nan ta shigo gidana, na ɗora hannu a kan murfinta na yi wa Allah alkawari: sauran watanni zan sayar da zoɓo da ƙanƙara, amma duk ƙanƙarar da ta yi cikin azumi sadaka ce, ladan na mahaifiyata. Da la'asar sakaliya sai ka ga ƙofar gidanmu ta cika, mata da kwanuka, 'yan acaɓa, ma'aikatan masaƙa da suka taso daga Kakuri da Kudenda, kowa ya karɓi ƙulli ɗaya ya yi wa tsohuwa addu'a. Ban taɓa fashi ba ko azumi ɗaya.

Shi kuwa Malam, mutum ne da za ka wuni da shi ba ka ji kalma ashirin ba. Ni Allah ya ba ni nawa bakin ya haɗa mini da nasa. Amma kada shirunsa ya ruɗe ka, ya iya neman aure. Ranar da ya fara zuwa zance gidanmu, tukunyar gas ce ɗaure a bayan kekensa, da kwalbar lemo a aljihu, ta yi zafi kamar an dafa. Ya ajiye kwalbar a kan dakali, ya kifa tukunyar, ya murɗa. Sai fuuuu! Wani farin hayaƙi ya lulluɓe kwalbar, kafin in rufe baki ta yi raɓa ta yi fari. Ya miƙo mini bai ce komai ba. Wallahi a wurin na gama yanke shawara. Kuma haka duk masu gyara suke a lokacin. In firji ya zo, sai a datse bututu a bar gas ya fice, yara su taru suna tara hannu suna ihun sanyi. Da shi suke hure dattin bututu, da shi suke burge 'yan mata. Iska ce, wa ya damu da iska?

To, sai sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki. Ƙasashen da suka juya mana baya suka dawo da fara'arsu, kuma abin da suka fara kawo mana shi ne bita. Kai, an sha bita a shekarun nan! Ungozoma bita, mahauta bita, masu faci bita. Kowa ka gani a bakin titi rataye da jaka mai tambari, da biro a aljihu. Baki kuma ya buɗe, wanda jiya ba ya iya tari a gaban hukuma yau yana rediyo yana tambayar gwamna ina ruwan famfo. Ana cikin haka aka kira masu gyaran firji su ma, kwana uku a wani ɗakin taro. Malam ya sa farar shaddarsa ta Juma'a ya tafi.

Ran na uku ya dawo da jaka da takardar shaida, da wata fuska da ban san shi da ita ba. Na ajiye masa tuwo, ya zauna yana kallonsa.

Na ce, "Malam, lafiya? Ko ba su ba ku abinci mai kyau ba ne?"

Ya ce, "Ashe ɓarna muke yi."

Ranar ya yi maganar da ta fi ta wata guda. Ya ce can sama da gajimare akwai wata rumfa da Allah ya shimfiɗa, ido ba ya ganinta, ita ke tace dafin rana kafin ya sauko kan mutane da shuka. Ya ce tsohon gas ɗin nan in ya fita ba ya mutuwa, hawa yake yi a hankali har ya isa rumfar ya dinga cinta, yanzu haka ma ta huje ta wani gefen duniya. Ƙasashe sun zauna sun sa hannu a daina aiki da shi, har da tamu. A ƙarshen bitar kuma an ce duk wanda ya yarda ya ɗaga hannu ya yi alkawari biyu: ba zai ƙara sakin tsohon gas a iska ba, ba zai ƙara sayen sabuwar tukunyarsa ba.

Na ce, "Ka ɗaga?"

Ya ce, "Na ɗaga. Har na ce wallahi."

Na yi dariya na ce to Allah ya ba da lada, ci tuwonka kada ya huce. Ban ɗauki abin a bakin komai ba.

Saura kwana goma azumi, kuma azumin shekarar ya faɗo cikin zafin nan na ƙarshen damina mai sa mutum ya jiƙe yana zaune. Na buɗe firiza da safe, sai na tarar zoɓona yana iyo. Injin yana gurnani, sanyi babu. Malam ya zo ya shafa ruwan sabulu a bututun baya, muka ga kumfa tana tashi a wani ɗan wuri da tsatsa ta ci. Gas ya tsiyaye tas. Nan da nan ya kunna wutar walda ya toshe hujin, aiki mai kyau, sannan ya fara naɗe kayansa.

Na ce, "To, sai zuba gas."

Ya ce, "Tsohon gas take sha."

"Sai a zuba mata tsohon. Ba ga shi can jibge a kasuwa ba?"

"Na yi alkawari."

"To zuba mata sabon."

Ya ce sabon ba ya shiri da injinta, sai an canja inji, kuma mai girman nata babu shi a Kaduna, sai an aika Legas, ba zai iso ba sai bayan Sallah.

Tabɗi! Ranar maƙwabta sun ji muryata. Na ce, "Malam, tsaya in tambaye ka. Ni na ƙera gas ɗin nan? A Makera aka haɗa shi? Firizar nan shekara nawa ta yi a ƙasarsu suna shan sanyinta, su da kyanwarsu? Gida nawa ke da firji a layin nan, gida nawa ke da shi a can? Sun sha sanyi sun ƙoshi, sun huda sama, sun kwaso tsofaffin sun jibge mana, sannan su biyo bayan kayansu da jaka da biro su ce ni, ni Mai Ƙanƙara, in sha ruwan zafi don a ɗinke sama? In rufin gidan haya ya yi yoyo, ai wanda ya hau ya yi rawa a kai shi ke kawo kwano!"

Ya ce, "Gaskiyarki. Shi ya kamata ya kawo. Amma kafin ya kawo, ba za ki hau da ƙusa ki ƙara wani hujin ba, tunda kema a ƙarƙashinsa kike kwana." Ya ƙara da cewa, "Kuma nima na hau rufin. Kin manta kwalbar lemo?"

Wannan ta ƙara tunzura ni, don ban ga dalilin da zai sa a jawo kwalbata cikin rigimar duniya ba. Na ce, "Wato alkawarinka da Turawa ya fi alkawarina da Allah?" Ina faɗa sai hawaye, don fuskar mahaifiyata ce ta faɗo mini, tana kurɓar ruwan randa.

Ya ce a hankali, "Ba da Turawa na yi ba. Sunan Allah na kama, kamar yadda kika kama."

Na shige ɗaki na bugo ƙofa.

Washegari na zagaya wajen maƙwabciyata, Maman 'Yan Biyu. Mutuniyar kudancin jihar nan ce, Kirista, nas ce a wani asibiti, katanga ɗaya ta raba mu. Kazarta ta Kirsimeti a firizata take kwana, ni kuma duk haihuwata a hannunta na yi. Ko lokacin da gari ya rikice mutane suka yi ta kwashe kaya ana tsallaka kogi, mu biyu ba wadda ta gusa. Na zayyana mata komai. Ta tafa hannu ta ce, "Haba! Shi kaɗai ne mai gyara a Kaduna? Oya, ɗauko mayafinki."

Muka hau bas zuwa Kakuri, wajen wani mai gyara da ya koyi aiki a hannun Malam, yanzu magidanci ne da shagon kansa. Shi bai je bita ba, ga tukwanen tsohon gas nan jere a bayansa. Ya tarbe mu da rawar jiki, ya sayo mana ruwa. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya sunkuyar da kai yana susar ƙeya.

Ya ce, "Mama, gas ga shi nan, ko duka kike so ki kwasa. Amma in sa hannu a firizar gidan Oga ba da saninsa ba? Gara ki ce in kama wayar wuta da haƙori."

Na yi lallashi, Maman 'Yan Biyu ta yi faɗa, mutumin nan ko gezau. Muka fito muna tsaki. Abin haushi, kafin bas ɗinmu ya gama tsaye-tsayensa ya kawo mu Makera, shi ya riga mu a kan babur. Muna shiga zaure muka same shi durƙushe gaban Malam yana kawo ƙarar kansa. Maman 'Yan Biyu ta dube ni na dube ta, sai dariya ta ƙwace mana, har ta dafa bango.

Malam bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Da kin gaya mini za ki Kakuri, da na ba ki saƙo." Sannan ya nuna mana benci ya ce mu zauna. Ya ce ya kwana yana juya maganar. Alkawarinsa biyu ne, ba zai saki ba, ba zai sayi sabo ba. Amma akwai gas ɗin da ya riga ya shigo ƙasar, yana kulle a cikin matattun firji, waɗanda injinsu ya ƙone amma bututunsu bai huje ba. Ko ba jima ko ba daɗe 'yan jari-bola za su fasa su ya tashi sama. A wajen bita an nuna musu wata na'ura mai zuƙe shi ta tara a tukunya, a tace a sake aiki da shi, kuma wannan halas ne a yarjejeniyar. An ma ce an kawo wa masu gyaran garin nan guda ɗaya.

Na ce, "To tana ina?"

Ya ce tana kulle a wani ofis, ana jiran babban mutum ya samu lokacin yanka kirtani.

Na ce, "Ka ji ba!"

Ya ce, "Na ga cikinta. Injin firji ne kawai aka juya masa aiki. Zan haɗa tawa. Amma abin da zan samu a kowane firji kaɗan ne, wasu ma wayam za a tarar. Ina buƙatar matattu da yawa, ni kuma ban iya roƙo ba."

Na miƙe na gyara ɗaurin zanina. Na ce, "Wannan kuma ka bar mini."

Jama'a, ashe Makera maƙabartar firji ce ban sani ba! Ba mai zubar da firji a garin nan, ko ya mutu sai a ba shi wani aikin. Ni da Maman 'Yan Biyu muka bi gida-gida. Wata ta mayar da nata kabad ɗin atamfofi. Wani tela yana ajiye zare a nasa saboda ɓera. Wani malamin makaranta ya cika nasa da littattafai. A wani gida a Kudenda kaza muka tarar tana kwanci a ciki, sai da muka yi yarjejeniya da matar gidan cewa za a ɗauke ta da ƙwanta a kwando a dawo da ita kafin magariba. Kowa tambayarsa ɗaya, "Me za ku yi da mushe?" Ni kuma na gaji da bayanin rumfar sama, sai na koma cewa, "Ƙanƙarar azumi ce ke neman taimako." Da jin haka sai a fara kwashe kaya. Liman ya aiko da nasa. Matar fasto ta sa matasan cocinsu suka turo na ɗakin taronsu suna waƙa a hanya. Ƙanwata ta ɗauko nata a bayan a-kori-kura tun daga Unguwar Sanusi, ta tsallako gada da shi kamar mai rakiyar amarya.

Kafin kwana huɗu ƙofar gidanmu ta zama abin kallo, firji goma sha bakwai a jere, dogo da gajere, fari da ruwan ƙasa. Malam da mutumin Kakuri suka haɗa na'urarsu a kan wani katako: tsohon inji, da matatar gas guda biyu, da tiyo, da tukunyar gas da ba komai a ciki. Tukunyar kuma wai sai tana cikin sanyi take karɓa da kyau, don haka suka tsoma ta a randata. Randar da nake shan ruwa! Na buɗe baki zan yi magana, na tuna don wa ake yi, na rufe.

In an huda bututu da wani ɗan ƙarfe mai kama da matsefi, sai a tada inji, kowa ya yi tsit yana kallon allurar agogon awo. In ta motsa, sai layi ya kaure da shewa. In ba ta motsa ba, sai a yi wa mai firjin tsiya, a ce ashe gawar tasa ta daɗe da fita hayyacinta. Na liman wayam aka samu, aka yi ta dariya har da shi. Na coci kuwa ya ba da fiye da kowanne, Maman 'Yan Biyu ta dinga taku tana juyi a tsakar titi kamar ita ta ƙera shi.

Ana tsakiyar wannan hidima, saura kwana biyu azumi, sai ga wata farar mota ta tsaya. Wani jami'i mai babbar riga ya fito, bayansa wata Baturiya doguwa mai furfura, fuskarta ta yi ja don zafi. Ita ce ta koyar da su a bita, wai tana zagayawa ta ga ko darasi ya zauna. Ta tsaya tana kallon layin firji, ta bi tiyo da ido har cikin randa. Sai ta durƙusa a ƙasa da siket ɗinta, tana tambayar Malam, yana nuna mata da yatsa. Ta kama baki, ta ɗauki hoto ya fi goma.

Ni kuwa dama a cike nake. Ina jin Turanci daidai gwargwado, amma in raina ya ɓaci guduwa yake ya bar ni. Na matso na ce wa jami'in ya gaya mata ina da tambaya. Na maimaita duk abin da na gaya wa Malam, har da rawa a kan rufi. Jami'in ya yi murmushi ya juya ya ce mata wai Madam tana yi mata barka da zuwa, tana kuma godiya.

Maman 'Yan Biyu ta ce, "Kai, Oga, ji tsoron Allah! Ba haka ta ce ba." Ta ture shi gefe ta karɓi aikin tafinta. Ba ta rage ko wasali ba, ina ma zargin ta ƙara gishiri. Jami'in ya dinga share gumi yana kallon motar.

Baturiyar ta saurara har ƙarshe. Na zaci za ta kawo dogon bayani, sai ta ce, "Gaskiya kika faɗa. Mu muka yi mafi yawan ɓarnar." Ta ce shi ya sa a yarjejeniyar aka ɗora wa ƙasashensu ɗaukar nauyin gyara, aka kuma ba irin tamu ƙarin lokaci. Amma turo mana tsofaffin firji da ake yi bayan an san abin da ke cikinsu, wannan abin kunya ne, kuma ba ta da amsar da za ta ba ni.

Na ce, "To na'urar da kuka kawo, ta gyaran ce ko ta ado?"

Ta juya ta kalli jami'in. Shi kuma ya kalli sama, kamar yana neman hujin da ido.

Wallahi na shirya faɗa, amma mutum ya ce maka gaskiyarka, da me za ka ci gaba? Sai na ji wutar da ke raina ta mutu. Na ja hannunta na ce ta zo ta ga mai jinyar. Ta shiga tsakar gida, ta shafa hoton kyanwar, ta ɗaga murfin. Tana ganin takardar nan sai ta yi wata 'yar ƙara. Ta ce yaren maƙwabtan ƙasarsu ne, tana jinsa. Ta sa tabarau ta karanta, Maman 'Yan Biyu tana juya mini: wake na lambu, jaka shida. Miyar kaza, ta ranar da ba na jin daɗi. Kek na zagayowar haihuwar ƙaramin, kada kowa ya taɓa.

Na yi shekaru ina zaton wani gargaɗi ne na masana. Ashe wata mata ce irina, mai 'ya'ya masu ɗan hali, tana ɓoye abinci tana kashedi. Na ce, "Allah sarki, ashe ita ma fama take." Muka yi ta dariya mu uku a kan firizar da ba sanyi. Ban fasa cewa su suka huda sama ba, har gobe ina kan bakana. Amma daga ranar na daina jin haushin matar, har nakan ce ko ƙaramin nata ya girma.

Ranar jajibirin azumi da hantsi Malam ya ɗaga tukunyar daga randa, ya jijjiga ta kusa da kunnensa, ya ce, "Bismillah." Ya haɗa tiyo, ya murɗa a hankali, ba fuuu, ba hayaƙi, ko ɗigo bai fita ba. Ya rufe murfin ya ce kada wanda ya buɗe sai la'asar. Na kasa zaune na kasa tsaye. Na share tsakar gida sau uku, na ƙona miya. Ana kiran sallah na yi wuf na ɗaga murfin, na kai farce jikin bangon na karta. Farin sanyi ya taru a ƙarƙashin farcena.

Na rangaɗa guɗar da tun bikin ƙanwata ban yi irinta ba. Maman 'Yan Biyu ta amsa daga bayan katanga. Na ruga zaure na nuna wa Malam farcen, ya duba ya ce, "To, madalla," ya ci gaba da goge sifana. Amma na ga gefen bakinsa yana rawa.

Washegari da la'asar layi ya kai har bakin titi. Duk wanda ya ba da firji ya zo yana cewa a ba shi babban ƙulli, ai da numfashin nasa a ciki. Liman ma ya aiko, na ce a gaya masa nasa ladan niyya ne, amma ga biyu. Da aka kira magariba na ɗauki ƙulli ɗaya na fasa a kofi, na zauna a bakin ƙofar ɗakina. Na ce, "Inna, ga shi, mai sanyi ne." Na sha, na yi kukana mai daɗi, na tashi na zuba wa Malam kunu.

Na'urar ofis ta fito daga baya, bayan an yanka kirtani an ci shinkafa. Kafin nan ta Malam ta zaga shaguna da yawa a Kakuri da Makera, ana aro kamar turmi. Tun daga shekarar kuma, duk ranar farko ta azumi sai ya sayo kwalbar lemo ya tura can ƙasan firizar da kansa, in an sha ruwa ya miƙo mini bai ce komai ba.

Firizar ta yi shekara goma sha ɗaya bayan haka. Ta ga aurar da 'ya'yana biyu, ta kuma ga rasuwar Malam. Bayansa da shekara guda injinta ya yi wata ƙara ya tsaya, irin tsayawar da ba gyara. 'Ya'yana suka haɗu suka kawo mini sabuwa mai sabon gas. Tsohuwar kuma aka kira 'yan jari-bola su ɗauka. Ina ɗaki na ji suna jan ta zuwa zaure, na leƙo, sai na ga ɗaya ya ɗaga guduma yana auna bututun baya.

Ban san lokacin da na fito ba ko ɗankwali. Na ce, "Kai! Sauke! Ba a gidan nan ba."

Ya yi dariya ya ce, "Haba Hajiya, iska ce fa kawai."

Na ce, "Na sani. Nima a da haka na ce."

Na zaunar da su a benci na ba su zoɓo, na aika Kakuri. Mutumin ya zo a kan babur, gemunsa ya yi fari. Muka jawo na'urar Malam daga ƙarƙashin tebur, muka kakkaɓe ƙura, na kawo randa da hannuna. Allura ta motsa. Ya zuƙe gas ɗin tas ya ɗaure bakin tukunyar, sannan na ɓamɓare takardar matar nan daga murfin na ce su ɗauka.

An ce akwai ofishin da ke karɓar irin wannan gas ya lalata shi. Na aika sau biyu, suna ta cewa za su zo. Tukunyar tana nan ƙarƙashin gadona, 'yar ƙarama, in ka jijjiga za ka ji motsi a ciki, na coci da na tela da na gidan mai kaza duk a haɗe. Jikokina sun san ba a taɓa ta. Sabuwar firiza ce ke yi wa Inna ƙanƙararta yanzu, ba ta fashi. Alkawarin Malam kuwa ni ke riƙe da shi. Su ba su zo ba har yau, ni kuma ban buɗe ba.